Tambaya da Amsa: Wace Na'urar Ji Ta Dace da Iyayenmu?

Wasiƙun da suka shigo filin lafiyar kunne a wannan karon yawancinsu daga 'ya'ya ne masu son saya wa iyayensu na'urar ji. Masana ji da muke aiki tare ne suka amsa su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 75. Yana jin ana magana amma ba ya gane abin da aka ce sai an maimaita, rediyo kuwa kullum a ƙure take. Da na fara bincike sai na tarar da sunaye birjik: Phonak, Oticon, Signia, ReSound, Widex, Starkey. Don Allah wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi maka albarka. Za mu faɗa maka bambancin sunayen nan, amma riƙe kuɗinka tukuna, akwai abu biyu da ke gaba da sayayya.

Da farko likitan kunne ya leƙa kunnuwan Baba. Dauɗar kunne kan taru ta sandare a kunnen tsofaffi har ta toshe hanya, kuma idan ita ce, fitar da ita kaɗai kan dawo da ji mai yawa. Ruwa a bayan dodon kunne ko huji a jikinsa kuwa aikin likita ne kafin a zo maganar na'ura. Bayan haka sai awon ji. Za a zaunar da shi a ɗakin da babu hayaniya, a sa masa abin sauraro, a riƙa sako sauti daga mai kauri zuwa mai siriri, daga 250 har 8000 Hz, wato ma'aunin kauri da sirantar sauti, kowane kunne daban, ana rubuta ƙaramar ƙarar da yake iya kamawa da ma'aunin desibel. A rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ƙasa da desibel 20 lafiyayyen ji ne, 20 zuwa 34 rauni kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 ya doshi tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, daga 80 abin ya yi nisa ƙwarai. Ka karɓi kwafin takardar awon ka adana, domin duk wanda zai sayar maka da na'ura ba tare da ya nemi ganinta ba, ka kama gabanka.

Abin da ka kwatanta shi ne raunin ji na tsufa. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyi masu kama sauti. Masu kama siririn sauti su ke fara lalacewa, kuma ba sa sake tsirowa. Sai sautuka irin su s, sh, ts, f da c su ɓace masa, wasula kuwa yana jin su raɗau. Shi ya sa ɗaga murya ba ya magani: abin da yake ji ne ake ƙara wa ƙarfi har ya dame shi, wanda ya ɓace yana nan a ɓace. Ka roƙi a yi masa gwajin kalmomi ma, wato a karanto masa kalmomi da ƙarar da ta ishe shi yana maimaitawa. In ya kama mafi yawa, na'ura za ta yi masa amfani sosai. In ya kama kaɗan, kowace iri aka saya za a ga taimako amma da iyaka, kuma gara iyali su san haka tun farko.

Sunayen da ka lissafa da wasu da yawa, manyan kamfanoni biyar ne ke bayansu. Sonova ta ƙasar Suwizalan ita ke da Phonak da Unitron. Demant ta Denmak ita ke da Oticon da Bernafon, ita kuma ke ƙera masu ɗauke da sunan Philips. WS Audiology ta samu ne a 2019 da aka haɗe Widex da Sivantos, a ƙarƙashinta akwai Widex, Rexton da Signia, wadda a da ake sayarwa da sunan Siemens. GN, ita ma ta Denmak, tana da ReSound da Beltone. Sai Starkey ta Amurka. Amfanin sanin wannan shi ne, sau da yawa ƙannen sunaye irin su Unitron, Bernafon da Rexton suna ɗauke da fasahar gidansu, kuma sukan fi sauƙin kuɗi.

Kowanne yana da inda ya fi ba da ƙarfi. Phonak tana haɗuwa da waya ta Bluetooth na yau da kullum, don haka ko ƙaramar waya mai madannai Baba ke riƙewa, in dai tana da Bluetooth, kira zai shiga kunnensa kai tsaye. Ga tsohon da ba ya harka da babbar waya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin sauran suna buƙatar iPhone ko wasu zaɓaɓɓun wayoyin Android. Oticon ta fi karkata ga barin mutum ya ji abin da ke kewaye da shi ta ko'ina tana rage hayaniya, maimakon ta tsuke ji zuwa ga wanda ke gabansa kaɗai. Wasu tsofaffi na jin daɗin hakan, wasu na cewa sautin ya yi musu yawa. Widex ta yi suna wajen sauti marar ƙarfe-ƙarfe, musamman ga masu rauni kaɗan zuwa matsakaici, tana kuma da wasu sautuka masu laushi da ake kunna wa mai fama da ƙugin kunne. Signia tana da tsarin da ke koyon muryar mai ita a lokacin saiti, ya riƙa sassauta ta idan shi ke magana. ReSound ita ta fito da mai haɗuwa da iPhone kai tsaye tun 2014, kuma manhajarta da ƙaramin makirfonta na maƙalawa a riga suna da sauƙin sarrafawa. Starkey ta ƙware a masu zama cikin kunne da ake zubawa daidai da kunnen mutum, wasu samfuranta kuma na iya gane faɗuwa su aika saƙo ga wanda aka zaɓa, muddin babbar waya mai manhajar na kusa. Idan awon ya nuna rauni mai tsanani, zaɓin ya taƙaita zuwa masu ƙarfi irin su Phonak Naída, Oticon Xceed da ReSound Enzo.

Ra'ayinmu a fili: babu ɗaya cikin biyar ɗin da ke ƙera na'urar banza, kuma a hira cikin ɗaki tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda talla ke nunawa ba. Wanda zai saita na'urar shi ne ke raba mai amfani da marar amfani. Yadi komai tsadarsa, in tela bai auna ba, rigar ba za ta zauna ba. Ka tambayi mai saitin ko yana yin awon cikin kunne. Yadda ake yi, ana zura siririn bututun roba mai haɗe da makirfo har kusa da dodon kunne, a sa na'urar a kai, a kunna magana a hankali, da matsakaiciyar murya, da ƙarfi, a ga ainihin abin da ke isa dodon kunnen, sannan a gyara har ya dace da ma'aunin da aka yarda da shi, irin NAL-NL2 na ƙasar Ostareliya. Hanyar kunnen kowa da faɗinta da tsawonta, shi ya sa saitin farko da kwamfuta ke bayarwa kan gaza, kuma galibi a siririn sautin nan da Baba ya fi buƙata yake gazawa. Saboda haka ka fara neman ƙwararren da Baba zai iya komawa wurinsa cikin sauƙi, sannan ka zaɓa cikin kamfanonin da ya saba da su kuma yake da kayan gyaransu.

Abu na ƙarshe, kowane kamfani na sayar da samfuri guda a mataki uku ko huɗu. Jiki ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, abin da ake ƙara wa na sama shi ne dabarun tace hayaniya a taro. Tsohon da yawancin zamansa a gida ne da iyali, matakin tsakiya ko na ƙasa da aka saita da kyau ya ishe shi.

Tambaya: Mahaifiyata ta yarda za ta sa, amma ta ce sai 'yar ƙaramar da ba a gani. Ga shi hannunta na rawa, idonta ma ba ya ganin ƙananan abubuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malama. A nan hannu da ido su ne za su yanke hukunci, kamfani ya biyo baya. 'Yar ƙaramar da ke nutsewa cikin kunne ba mu ba Mama shawararta. Batirinta shi ne mafi ƙanƙanta, lamba 10, wanda kan ƙare cikin kwana 3 zuwa 7, ƙofar batirin kuma sai da farce da ido mai kyau. Ƙarfinta kaɗan ne, makirfonta ɗaya ne don haka ba ta iya fifita na gaba a kan hayaniyar baya, kuma da yake a cikin dauɗa da damshi take wuni, ta fi saurin toshewa.

Wadda aka fi sayarwa yanzu ita ce mai ƙaramin jiki a bayan kunne da siririyar waya mai ɗauke da sifika zuwa cikin kunne, wadda za ki ga an rubuta RIC a takardunta. Kusan ba a ganinta, gashi ma na rufe ta, sautinta kuma mai kyau ne. Sai dai tura 'yar hular robar da ke bakinta cikin kunne na son yatsu masu natsuwa. In Mama na son wannan, a yi mata matoshi da aka zuba daidai da kunnenta a madadin hular, mai ɗan zaren janyowa. Ya fi kamuwa a hannu, kuma hanya ɗaya yake shiga, ba a kuskuren sa shi. Sauran zaɓi biyu su ne babba ta bayan kunne mai bututu da matoshi, wato BTE, wadda ta fi kowace juriya da ƙarfi, da kuma mai cika tafin kunne, wadda guda ɗaya ce babu waya babu bututu. Wannan ta ƙarshe takan fi wa mai rawar hannu sauƙi, ba ta kuma rigima da ƙafar tabarau.

Kada a yanke shawara da baki. A wurin mai saiti, ki ja gefe ki bar Mama ta sa ta cire da kanta sau uku ba tare da kin taɓa ba. Wadda ta iya, ita ce tata. Jan ɗigo a jikin na'urar alamar kunnen dama ne, shuɗi na hagu, a kowane kamfani. In ba ta ganin ɗigon, a zaɓar mata jiki mai launi biyu daban.

Game da wuta, mai caji ta fi dacewa da ita. Ana ɗora ta a mazauninta da dare, cikin kamar awa 3 ta cika, ta yi wuni guda, ko da yake yawan sauraron waya ta cikinta na rage wannan. Sharaɗinta shi ne samun wuta kowane dare. In hakan ba tabbas, ki nemi caja mai ajiye wuta a cikinta, wadda kan cika na'urar kamar sau uku ba a jona ta ba. Batirin ciki kan raunana bayan shekara 4 zuwa 5, kuma a yawancin samfura kamfani ne ke canza shi, don haka ki tambaya tun yanzu yadda ake yi.

In dole sai mai batirin cirewa, lambobinsa huɗu ne da launinsu: 10 ruwan ɗorawa, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Lamba 13 kan yi mako ɗaya zuwa biyu kuma ya fi kamuwa. Kowannensu da iska yake aiki, shi ya sa ake ɓare takardar da ke manne a bayansa a jira minti ɗaya ko biyu kafin a sa, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ko an mayar da takardar. Muna roƙonki da babbar murya, kada a ajiye batiran nan kusa da ƙwayoyin magani. Tsoho mai raunin ido kan haɗiye su bisa kuskure, jikoki ma haka, kuma wanda ya haɗiye asibiti za a kai shi nan take.

Tambaya: Kunnuwan Baba biyu ne suka yi rauni. Guda ɗaya ba za ta wadatar ba?

Amsa: In da hali, biyu. Da kunne biyu ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito, da su kuma take tsamo muryar mutum daga cikin hayaniya. Biyu na matakin ƙasa sun fi guda ɗaya ta matakin sama amfani. In hali bai kai ba, kada ku zaɓi kunnen da kanku, masanin ji zai duba wanda ya fi gane kalmomi a gwaji, sau da yawa shi ake sa wa.

Tambaya: Mun saya wa mahaifinmu mai tsada, mako ɗaya ya yi da ita ya jefa a aljihun tebur. Ya ce komai ƙara yake masa, muryarsa kamar daga cikin rijiya, ga kuma fito da take yi. Mu canza kamfani ne?

Amsa: A'a, Malam, kada ku yi gaggawa. Koke-koken nan uku kowanne da dalilinsa, kuma babu wanda canza suna ke warkarwa.

Ƙarar da yake kuka da ita gaskiya ce, kada ku ce masa raki ne. Shekaru ya yi bai ji motsin takarda ba, ko zubar ruwa, ko takun sawu, sai ga su sun dawo rana guda. Ƙwaƙwalwa na buƙatar makonni, wani lokaci wata biyu zuwa uku, kafin ta koyi watsar da su. Ba za ta koya ba in sai baƙi sun zo ake ɗauko na'urar. Ya fara da awa 3 ko 4 a gida cikin natsuwa, yana hira da mutum ɗaya, a riƙa ƙarawa har cikin mako biyu ya zama daga tashi sai kwanciya. Mai saiti na iya farawa da ƙarfi ƙasa da wanda awo ya nuna, na'urar ta riƙa hawa da kanta a hankali. In kuwa ƙarar bugun ƙofa ko kwano na sa shi zabura ko jin zafi, wannan ba na haƙuri ba ne, iyakar ƙarar da aka sa wa na'urar ce ta yi sama, a koma a sauke ta.

Muryar rijiya kuwa toshewa ce ke kawo ta. Idan mutum na magana, sautin kan bi ƙashin kai ya shiga hanyar kunne, in an toshe bakin hanyar sai ya rasa mafita. Ana faɗaɗa hujin iska da ke jikin matoshin, ko a canza hular roba zuwa mai huji-huji, ko a rage kaurin sauti a saiti.

Fito na faruwa ne idan sautin da ya fita daga sifika ya zillo ya koma makirfo. Ku duba huɗu bi da bi: ko bai tura ta ta zauna sosai ba, ko dauɗa ta cika kunnen tana mayar da sautin, ko bututun ya bushe ya tsage, ko matoshin ya yi sako-sako a kunnen saboda rama. Ɗan fito lokacin sawa ko idan an rufe kunne da tafin hannu ba laifi ba ne.

Tun da kuna kai, ku koyi aikin da ke hana yawancin zuwa wurin gyara. Na'urar da aka ce ta mutu, sau da yawa ɗan farin matacin da ke bakin sifika ne ya toshe. Ana cire hular, a soka sandar canji da ke ɗauke da sabon mataci a zaro tsohon, a juya ta a danna sabon, aikin minti ɗaya. A duba shi duk wata. Hular roba a canza ta duk wata 2 zuwa 3, bututun matoshi kuma duk wata 4 zuwa 6 ko da zarar ya yi tauri. Kowane dare a goge da busasshen ƙyalle, a share ramukan makirfo da ɗan burushinta ana kifa ta ƙasa don kada dattin ya faɗa ciki. Ban da ruwa, ban da man shafawa da turare, ban da shanyawa a rana. Mai yawan gumi a saya masa akwatin busarwa. Ko an rubuta IP68 a jikinta, wato alamar juriya ga ruwa da ƙura, a cire ta kafin wanka.

Ku ma da naku aikin. Na'ura ta fi aiki idan mai magana bai wuce mita 2 ba. Ku fuskance shi, haske na kan fuskarku, ku kira sunansa kafin ku fara, ku rage gudun magana ba tare da ihu ba, in bai gane ba ku sauya kalmomin. Ga taro ko cikin mota, ƙaramin makirfo da mai magana ke maƙalawa a wuyan riga, irin Roger na Phonak ko Multi Mic na ReSound, yakan yi abin da na'ura mafi tsada ba ta iyawa ita kaɗai. Ku rubuta koke-kokensa da inda suke faruwa, ku koma da takardar. Komawa sau biyu ko uku a watannin farko cikin tsarin aikin yake.

Tambaya: Ina ganin masu araha a intanet da ba sa buƙatar awo. Akwai kuma ta marigayi kawunmu a ajiye. Za mu iya ba Inna ɗaya daga ciki?

Amsa: Allah ya jiƙan kawu. Masu arahar kashi biyu ne. Akwai masu ƙara sauti kawai, waɗanda ke ɗaga komai baki ɗaya, kauri da siriri, magana da hayaniya. Ga mai raunin tsufa suna ƙara abin da take ji ne su bar abin da ta rasa, wasu kuma ba su da iyakar ƙara mai kyau, suna iya ƙara wa kunnen lahani. Ku guje su. Akwai kuma na gaskiya da ake saya ba tare da takardar likita ba, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta halatta sayarwa a can daga Oktoban 2022, ga 'yan shekara 18 zuwa sama masu rauni kaɗan zuwa matsakaici. A 2024 ta amince wa abin sauraron waya na Apple mai suna AirPods Pro 2 su yi irin wannan aiki. Mai su ne ke saita su da babbar waya, kuma babu wanda zai leƙa kunnen, don haka sun fi dacewa da mai raunin da bai yi nisa ba, mai kuma iya wayar.

Ta kawu kuwa, in ta bayan kunne ce, tana iya yiwuwa. A kai ta wurin masanin ji ya duba abu uku: ko ƙarfinta ya kai raunin Inna, ko manhajar saitinta na buɗuwa, domin wasu dillalai na kulle nasu sai a shagunansu kaɗai, da kuma shekarunta, tunda na'urar da ta wuce shekara 5 zuwa 7 kayan gyaranta kan yi wuya. Sai a sa sabon matoshi ko sabuwar sifika, a sake saiti daga farko. Wadda aka zuba daidai da cikin kunnen wani ba ta shiga kunnen wani.

In kun koma ga sabuwa, a rubuta muku a takarda kwanakin gwaji da za ku iya mayarwa da abin da za a cire in kun mayar, shekarun garanti da ko ya haɗa da ɓata, da kuma sau nawa za a yi muku gyaran saiti a cikin kuɗin da kuka biya.

Tambaya: Mama ta wayi gari kunnenta na hagu ya ɗauke gaba ɗaya, yau kwana biyu. Wace na'ura za mu nema?

Amsa: Ku ajiye maganar na'ura, ku kai ta wurin likitan kunne yau, kada ku jira gobe. Ɗaukewar ji farat ɗaya a kunne guda na iya zama dauɗa ce kawai, amma tana iya zama ta cikin kunne ko jijiyar ji, wadda maganinta ya fi kamawa a kwanakin farko, bayan mako biyu kuma damar na raguwa sosai. Kada a ɗiga mata komai ko a soka tsinken auduga kafin likita ya gani. In akwai karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko jiri mai hana tsayuwa, sashen gaggawa za ku nufa kai tsaye.